Yadda Mai Wankin Ƙoda Zai Hana Ruwa Taruwa a Jiki, Ya Kare Zuciyarsa

Tun da muka taɓo maganar ciwon ƙoda, tambaya ɗaya masu jinya ke ta maimaitawa: ana yi wa mara lafiya wanki, wato inji yana tace masa jini a madadin ƙoda, ana kashe kuɗi, amma ƙafa ba ta daina kumbura ba, fuska tana tasawa da safe, da dare kuma ba ya iya barci sai an jingina shi da bango. Me za a yi a gida? Amsar tana da tsawo, don haka na jera ta mataki-mataki.

Ku riƙe abu ɗaya kafin mu shiga. Ƙodar da ta gaza ba ta fitar da ruwa yadda ya kamata, saboda haka abin da aka sha yana nan a jiki har ranar wanki. A jijiyoyin jini yake fara taruwa, zuciya ce kuma ke tura shi dare da rana. Tun tana jurewa har naman bangonta ya yi kauri, daga baya ta buɗe ta saki, ruwa ya koma baya ya cika huhu. Ranar wanki kuma, in ruwan ya yi yawa, dole a janye shi da sauri, jini ya faɗi, zuciyar ta sake shan wata wahalar. Shi ya sa ciwon zuciya da na jijiyoyin jini ne kan gaba wajen ajalin masu wankin ƙoda. Alƙaluman da zan kawo na gama-gari ne. In likitan ƙodarku ya ba ku wasu daban, nasa za ku bi.

Mataki na 1: Haɗa kayan aiki

Ba su da yawa: sikelin awon mutum mai nuna lamba har da ɗigo, wato wanda zai bambanta 60.2 da 60.8, na'urar awon hawan jini ta damtse, ƙaramin littafin rubutu da biro, gora ɗaya da kuka san yawan ruwan da take ci, ƙaramin kofi, da cokalin shayi.

Sikelin shi ne na farko in kuɗin ba zai sayi duka ba. Farashinsa bai kai kuɗin zama ɗaya na wanki a asibitin kuɗi ba, kuma shekaru zai yi yana aiki.

*Hattara:* a siminti ko tayil ake ajiye sikeli. A kan darduma ko kafet ƙarya zai yi muku. Ku kai shi asibiti sau ɗaya ku gwada shi da nasu, ku rubuta bambancin a bangon littafin.

Mataki na 2: Ku san busasshen nauyi

Shi ne nauyin mara lafiya lokacin da babu rarar ruwa a jikinsa: babu kumburi, numfashi sakayau, jini daidai, kuma bai fita daga wanki yana jiri ba. Likita ne ke tsayar da shi, kuma da shi ake lissafin ruwan da inji zai janye. Ku tambaya kai tsaye: "Likita, kilo nawa ne busasshen nauyinsa?" Ku rubuta shi da kwanan wata. Yana ba ni tsoro yadda za ka tarar da wanda ya daɗe ana yi masa wanki, amma daga shi har mai jinyarsa babu wanda ya san wannan lamba.

*Hattara:* lambar ba ta zama wuri ɗaya. A ce an tsayar da kilo 60, sai zazzaɓi ya kwantar da mutum, ya daina cin abinci, ya rame da kilo 3. In aka ci gaba da sauke shi a 60, to akwai lita 3 na ruwa da ke ɓoye a gurbin naman da ya zube, sikeli kuma yana nuna komai lafiya. Haka in ya murmure ya yi ƙiba, aka ci gaba da matsa shi zuwa tsohuwar lambar, jininsa zai riƙa faɗuwa a kan inji. Ku nemi a sake dubawa kamar kowane wata, da kuma bayan duk wata kwanciya asibiti.

Mataki na 3: Auna fitsari, fitar da kason ruwa

Ku zaɓi ranar da ba ta wanki ba, mafi kyau jajibirin wankin. Fitsarin farko na asuba a zubar. Daga nan a tara duk wanda ya fito a mazubi ɗaya har asubar gobe, a haɗa da na farkon goben. A auna da gorar da aka san girmanta.

Lissafin da aka fi amfani da shi shi ne yawan fitsarin yini da kwana, a ƙara mililita 500. Wasu likitocin suna ƙara fiye da haka, musamman a ƙasa mai zafi irin tamu. Wanda ya yi fitsari mililita 300, kasonsa 800 ke nan. Ruwan leda mai santilita 50 mililita 500 ne, don haka kason nan leda ɗaya da rabi ne da 'yar kurɓa, daga wannan asuba zuwa waccan. Wanda fitsari ya ɗauke masa gaba ɗaya, leda ɗaya ce ko sama kaɗan.

*Hattara:* a nan aka fi yin kuskure. Mutane suna ƙirga ruwan sha kaɗai, su manta da sauran. Koko ruwa ne. Kunu, shayi, fura da nono, zoɓo, romon farfesu, miya mai ruwa-ruwa, yogot, kankana, lemu da ƙanƙara duk suna cikin lissafi. Kofin koko na safe kaɗai zai iya cinye kashi ɗaya cikin uku na kason yini. Ruwan tofi, rubutu da zamzam su ma cikin lissafin suke. Babu mai hana neman albarka, amma a roƙi malam ya yi a ruwa kaɗan, a kurɓa, sauran a shafa.

Ɗan fitsarin da ya rage abin tattali ne, domin kowane kofi da ya fita hutu ne ga zuciya. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen suna ƙarasa shi. Jiƙe-jiƙen gargajiya da ake cewa suna "wanke ƙoda" sun haɗa illa biyu: ga yawan ruwa, ga sinadaran da ba a san adadinsu ba.

Mataki na 4: Yaƙi gishiri kafin ruwa

In za ku ɗauki mataki ɗaya kaɗai daga wannan jagora, to wannan ne. Faɗa wa mara lafiya "kada ka sha ruwa" alhali an ba shi abinci mai gishiri zalunci ne, domin ƙishin da gishiri ke tayarwa ya fi ƙarfin haƙuri. Jiki yana riƙe kusan lita 1 na ruwa a kan kowane giram 8 na gishiri. In gishiri ya ragu, ƙishi da kansa yake lafawa.

Abin da ake so shi ne kada gishirin yini duka ya wuce giram 5, wato cokalin shayi ɗaya a shafe. Wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye cikin abincin da aka saya, ba wanda aka zuba a tukunya kaɗai ba. Ga inda yake ɓuya a girkinmu:

Dunƙulen magi, kusan rabinsa gishiri ne. Farin magi shi ma yana da sodiyam, wato sinadarin gishiri da ke riƙe ruwa a jiki, duk da ba a jin gishiri a bakinsa. Kanwa ita ce ba a cika zargi ba, alhali cike take da sodiyam: a miyar kuka, a kuɓewa, a dahuwar wake, a kunun kanwa. Ku dubi kwanon ɗanwake: kanwa a cikin ƙullin, sannan a barbaɗe shi da gishiri, da magi, da yajin da shi ma an daka shi da magi. Kwano ɗaya ya isa ya sa mutum yini yana neman randa. Sai kilishi, tsire, balangu, kifin gwangwani, sinadarin da ke cikin ledar taliyar yara, da burodi. Hodar ciwon ciki mai tafasa a ruwa, irin su Andrews, ita ma ba ta mai ciwon ƙoda ba ce.

Yadda za a yi a kicin: uwargida ta haɗa miyarta kamar kullum, amma kafin ta sa gishiri, magi da kanwa, ta ɗebi ta mara lafiya a ƙaramar tukunya. Ta gyara tasa da albasa, tafarnuwa, citta, masoro, kanumfari, attaruhu da 'yar daddawa. In an zuba, a matsa lemun tsami kaɗan. Gishirin da aka yarda da shi a auna shi da safe a murfin kwalba, bai kai cikin cokali ba, daga ciki za a riƙa tsunkula har dare. A daka masa yajinsa daban, babu magi. Makonnin farko zai yi ƙorafin abinci salaf, kuma yana da gaskiya. A lallashe shi, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Gidan da kowa ya rage gishiri tare, mara lafiyarsu ya fi ɗorewa a kan tsarin, domin ba ya jin an ware shi.

*Hattara babba:* kada ku sayi "gishirin masu hawan jini" da ake sayarwa a manyan kantuna. An maye gurbin wani ɓangare na sodiyam ɗinsa da wani sinadari mai suna fotashiyam, shi kuwa fotashiyam in ya hau a jinin mai ciwon ƙoda yana iya tsayar da zuciya ba tare da wata alama ba.

Mataki na 5: Raba ruwan yini, lallaɓa ƙishi

Kowace asuba a zuba kason yini a gora ɗaya. Daga ita kaɗai zai sha. In ya sha kunu rabin kofi, a tsiyaye rabin kofi daga gorar a zubar. Ta haka yana ganin abin da ya rage da idonsa, babu gardama da mai jinya.

A sha da ƙaramin kofi, ana kurɓa. Ruwa mai sanyi ya fi kashe ƙishi. A daskarar da wani ɓangare na kason ya zama ƙananan ƙanƙara a riƙa tsotsa. Kurkure baki a tofar, asuwaki, cingam marar suga da ɗan yankin lemun tsami duk suna jiƙa baki. Ƙwayoyin magani a haɗa waɗanda lokacinsu ya zo ɗaya a haɗiye da kurɓa ɗaya.

Mai ciwon suga ya duba sugansa in ƙishi ya addabe shi, domin hawan suga ƙishi yake kawowa. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, gumi yana fitar da ruwa, mai yiwuwa likita ya ɗan ƙara kason. Amma sikeli ne zai yi hukunci, ba zafin rana ba. A hunturu kuwa baki ne ke bushewa, jiki bai rasa ruwa ba, don haka kurkurawa ta fi sha.

*Hattara a watan azumi:* mara lafiya yana da rangwame, a tattauna da likita tun kafin a ga wata. Wanda aka yarje wa ya yi, haɗarinsa yana wajen buɗa baki: ruwa, kunu, kankana, lemu da dabino a zama ɗaya. Ga ruwa ya wuce kima, ga fotashiyam.

Mataki na 6: Sikeli kowace safiya

Bayan an zaga, kafin karin kumallo, da kaya marasa nauyi iri ɗaya, babu takalmi. A rubuta kwanan wata, nauyi, awon jini, da ko akwai kumburi. Lita 1 na ruwa kilo 1 ne, don haka duk kilon da ya ƙaru cikin dare ruwa ne, ba ƙiba ba.

Tsakanin wanki da wanki, ana so ƙarin ya tsaya ƙasa da kashi 4 cikin 100 na busasshen nauyi. Mai kilo 60, kada ya wuce kilo 2.4. Mai kilo 50, kilo 2. A taƙaice, ƙasa da kilo 1 a yini.

Sannan a danna ƙaurin ƙafa da babban yatsa, sama kaɗan da idon sawu, a ƙirga biyar a ɗaga. In rami ya zauna, akwai ruwa. Wanda ke kwance kullum, a ƙugunsa ta baya za a duba, can ruwan ke sauka.

*Hattara:* rashin kumburi ba shaidar babu ruwa ba ne. Mutum na iya ɗauke da lita biyu ko uku ƙafarsa ba ta nuna ba. Hawan jinin da ya ƙi jin magani sau da yawa ruwa ne. Kuma ba a ɗaura na'urar awon jini a hannun da aka yi wa aikin jijiya, wato fistula.

Mataki na 7: Ranar wanki

Ku tafi da littafin. Bayan an auna shi, ku tambayi nas lita nawa za a janye, cikin awa nawa.

Ga dalilin tambayar. Inji daga cikin jini yake janye ruwa, shi kuwa ruwan da ke ƙafa da ciki a hankali yake komawa cikin jini. In janyewa ta fi komawa sauri, jijiyoyi su yi fayau, jini ya faɗi, ita kanta zuciya jinin da ke ciyar da namanta ya ragu. In hakan yana maimaituwa mako bayan mako, zuciya tana raunana. Masana suna ganin haɗari yana ƙaruwa sosai in saurin ya wuce mililita 13 a kowane kilo a awa ɗaya. Ga mai kilo 60, wannan mililita 780 ne a awa, kimanin lita 3 a awa 4. In ya zo da ƙarin kilo 5, aka ce sai an kwashe duka a awa 4, an wuce wannan iyaka da fiye da rabinta.

Don haka kada ku matsa wa nas da "a cire duka tunda mun biya". Na san kuɗin da ciwo, amma abin da ya fi aminci shi ne a ƙara tsawon zaman, ko a ƙara zama ɗaya a makon, ko a bar ragowar zuwa na gaba tare da tsananta tsarin gida. Kada kuma a yanke zama don gajiya ko sauri. Rabin awar ƙarshe ba ƙari ba ne.

In ya ji jiri, hamma ba ƙaƙƙautawa, gumi mai sanyi, tashin zuciya ko ɗaurewar tsokar ƙafa, ya faɗa nan take, kada ya daure. In hakan na faruwa kusan kowane zama, ku tambayi likita abu uku: ko busasshen nauyin ya yi ƙasa da yawa, ko a ɗan sanyaya ruwan injin zuwa wajen digiri 36, da kuma ko a sauya lokacin shan maganin hawan jini a ranar wanki. Kada ku tsallake maganin da kanku. Wanda jininsa ke yawan faɗuwa ya guji cin abinci mai nauyi a kan inji.

Bayan an gama a sake auna shi, a rubuta. Ya zauna bakin gado tukuna kafin ya miƙe.

*Hattara:* in ya yi amai ko gudawa kafin ranar, ku sanar tun a bakin ƙofa, domin mai yiwuwa nauyinsa yana ƙasa da busasshen. Kada a dirka masa ruwan gishiri da suga a gida sai an ji daga bakin likitansa.

Mataki na 8: Dogon hutu da ƙarancin kuɗi

Tsarin da aka saba shi ne zama 3 a mako, awa 4 kowanne: Litinin, Laraba, Juma'a, ko Talata, Alhamis, Asabar. Ko a haka akwai hutu mai tsawo a ƙarshen mako. Wani babban bincike da aka buga a 2011 kan masu wanki sama da 32,000 a Amurka ya nuna mutuwa da kwanciya asibiti saboda zuciya sun fi yawa a ranar da ta biyo bayan wannan dogon hutun. Ƙarshen mako kuwa shi ne lokacin biki da suna a wurinmu, lokacin lemun kwalba da naman da aka cika wa magi. A ci a gida kafin a fita, a tafi da gorar.

Gaskiyar ita ce da yawa daga cikin marasa lafiyarmu sau biyu ko sau ɗaya suke samu a mako, saboda kuɗi. A 2025 gwamnatin tarayyar Najeriya ta sanar da rage kuɗin zama ɗaya daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, ciki har da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Ku tambaya ko asibitin da ke kusa da ku yana ciki, ku kuma tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya ko akwai tallafin jiha. In zama biyu kuke iyawa, ku faɗa wa likita ƙarara, a raba ranakun daidai, kamar Litinin da Alhamis, a roƙi a tsawaita kowane zama. Mai zama biyu dole ya fi mai zama uku tsanantawa a gishiri. Jiran sai numfashi ya sarƙe kafin a nemo kuɗi ya fi tsada: ga wankin gaggawa, ga gado, ga iskar oksijin.

Mataki na 9: A duba zuciyar kanta

Ku nemi a yi hoton zuciya na eko bayan an fara wanki kuma ruwa ya sauka, domin a san kaurin bangonta da ƙarfin bugunta. A maimaita in haki ya ƙaru ko jini ya fara yawan faɗuwa a kan inji. Awon bugun zuciya na ECG da hoton ƙirji suna da sauƙin kuɗi a kan eko.

Ƙarancin jini yana ƙara wa zuciya aiki. Yawanci ana so awon jini na haemoglobin ya zauna tsakanin 10 da 11.5, wato PCV wajen 30 zuwa 35, da taimakon allurar ƙara jini da sinadarin ayon. In dole sai an yi ƙarin jini, an fi so a yi shi a kan inji, inda za a janye rarar ruwan a lokaci guda.

*Hattara:* Lasix, maganin sa fitsari, yana aiki ne ga wanda har yanzu ke fitsari. Wanda fitsari ya ɗauke masa, ba zai sauke masa kumburi ba. Kada a saya a kemis a ƙara a kan abin da likita ya rubuta.

Mataki na 10: Alamomin da ba a jira da su

Waɗannan suna nufin a kira ɗakin wanki yau, a nemi a matso da zaman: ƙarin nauyi ya wuce iyaka tun kafin ranar, ya ƙara yawan filon da yake barci a kai, tari yana tashinsa in ya kwanta, tafiya daga ɗaki zuwa banɗaki tana sa shi haki, sujada ta fara yi masa wuya saboda numfashi.

Waɗannan kuwa asibiti ne nan take, ko ƙarfe nawa ne: numfashi sama-sama yana zaune, ya farka cikin dare yana neman iska, kaki mai kumfa, fari ko ja-ja, ciwon ƙirji, bugun zuciya ya rikice ko ya yi sanyi sosai, ƙafafu sun mutu ya kasa tashi, leɓe ya canza launi, ya rikice ko ya suma.

A zaunar da shi, bayansa a miƙe, ƙafafu a ƙasa, a sassauta masa riga, a buɗe taga. Ko a mota kada a kwantar da shi. Kada a ba shi ruwa, kada a ɗura masa komai. A wuce da shi asibitin da ke da injin wanki, ko da akwai wani ƙarami kusa, a kira su tun a hanya domin su shirya inji.

*Hattara:* kada a yarda wani ya ɗaura masa ƙarin ruwa a gida ko a kemis don an ga ya galabaita. Ga mai ruwa a huhu, leda ɗaya tana iya zama ajali. Duk ma'aikacin lafiyar da ya fara taɓa shi, kalmar farko da za ku faɗa masa ita ce: "Wankin ƙoda ake yi masa, ranar kaza aka yi na ƙarshe." Ku miƙa masa littafin. A shafin farko ya kasance akwai busasshen nauyi, sunayen magunguna, hannun da ke da fistula, da lambar wayar ɗakin wanki.